Jarrabawar Tantance Matsayi a Kwasa-kwasan Farko na Kimiyyar Kwamfuta: Abin da ya Shafi Masana Harshe

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala za ta yi bayani ne a kan jarrabawar tantance matsayi da wasu jami'o'i, musamman na Amurka, ke yi wa sababbin ɗalibai kafin su fara kwas na farko a kimiyyar kwamfuta. Ya kamata a bambanta ta da jarrabawar shiga jami'a, irin wadda hukumar JAMB ke gudanarwa a Nijeriya tun 1978. Ta shiga jami'a ita ke yanke hukuncin wanda za a ɗauka. Ta tantance matsayi kuwa ana yin ta ne bayan an ɗauki ɗalibi, domin a san ajin da ya dace ya fara. Dalilin kawo wannan batu gaban manazarta harshe shi ne, tambayar da take ƙoƙarin amsawa tsohuwa ce a fagenmu: shin ana iya gane wanda zai iya koyon sabon harshe tun kafin ya fara?

2.0 Matsalar da ta Haifar da Jarrabawar

Ɗaliban aji ɗaya ba su zuwa da guzuri iri ɗaya. Wani ya shekara uku yana rubuta manhaja tun yana sakandare, wani kuwa bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. In an haɗa su, gogaggen zai gundura, sabon shiga kuma zai ɗauka cewa shi ne ba shi da basira, alhali dama ce kurum bai samu ba. Sau da yawa irin wannan ɗalibi yakan bar fannin gaba ɗaya.

3.0 Hanyoyin Tantancewa

Hanya ta farko ita ce auna abin da ɗalibi ya riga ya koya. Alal misali, tun 1984 hukumar College Board ta Amurka ke shirya wa ɗaliban sakandare jarrabawar kimiyyar kwamfuta, wadda makinta ke kamawa daga 1 zuwa 5. An fara ta da harshen Pascal, aka koma C++ a 1999, sannan Java a 2004. Jami'o'i da dama kan ɗauke wa mai maki mai kyau kwas na farko.

Hanya ta biyu ita ce raba aji gwargwadon gogewa. Kwalejin Harvey Mudd da ke jihar Kalifoniya ta sake fasalin kwas ɗinta na farko wajen 2006, ta ware sababbin shiga daga gogaggu, ta kuma sauya harshen koyarwa daga Java zuwa Python. Wannan, tare da wasu matakai, ya sa adadin mata a fannin ya tashi daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa kusan kashi 40 cikin 'yan shekaru.

Hanya ta uku, wadda ta fi jawo muhawara, ita ce neman auna baiwa. A 2006 Saeed Dehnadi da Richard Bornat na Jami'ar Middlesex a Ingila suka yi iƙirarin cewa ɗalibai kashi biyu ne, masu iyawa da waɗanda ba za su taɓa iyawa ba, kuma gwajinsu na iya raba su tun ranar farko. A 2014 Bornat ya janye wannan iƙirari a rubuce. A 2016 kuma Elizabeth Patitsas da abokan aikinta suka bincika sakamakon azuzuwa 778 na wata jami'ar Kanada, suka tarar kashi 5.8 cikin 100 ne kawai makinsu ya nuna alamar irin wannan rabuwa.

4.0 Dangantakar Batun da Harshe

Bari mu dubi irin tambayar da ake yi. A ce a = 5, b = 9, sai aka rubuta a = b; mene ne a yanzu? A lissafi, alamar tana nufin daidaito, don haka jimlar ƙarya ce. A harsuna irin su Java da Python kuwa umarni ce: a ɗauki abin da ke cikin b a sanya a cikin a. Amsar ita ce 9. Ke nan matsalar ta ma'ana ce: alama guda mai ma'ana biyu a harsuna biyu. Ɗalibin da ya faɗi wannan tambaya bai nuna rashin basira ba, ya nuna ne cewa ba a koya masa ƙa'idar ba tukuna.

Bugu da ƙari, a 2020 Chantel Prat da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka sa mutum 36 koyon Python. Sun auna su da gwajin ƙwarewar koyon harsuna wanda John Carroll da Stanley Sapon suka wallafa a 1959. Sakamakon ya nuna cewa ƙwarewar koyon harshe ta bayyana kusan kashi 17 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin masu koyon, yayin da iya sarrafa lambobi ya bayyana kashi 2 kacal. Adadin mutanen kaɗan ne, don haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai, amma ya isa ya sa a sake duba al'adar dogaro da makin lissafi kawai.

Akwai kuma batun harshen jarrabawar kanta. Inda Ingilishi yake harshe na biyu ga ɗalibi, kamar yadda yake ga mafi yawan ɗalibanmu, doguwar tambaya mai sarƙaƙiya tana iya auna Ingilishinsa maimakon tunaninsa.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, za a iya cewa jarrabawar tantance matsayi tana da amfani muddin aikinta shi ne gano inda ɗalibi ya tsaya a yau, da kuma ba shi damar sauya aji in an yi kuskure. Da zarar ta koma ma'aunin baiwa, sai ta rufe ƙofa ga waɗanda aka yi ta domin su. Masana harshe sun daɗe suna tsara irin wannan gwaji ga masu koyon Hausa da Larabci da Faransanci. Ya dace sassan kimiyyar kwamfuta su nemi shawararsu wajen tsara tambayoyi, su kuma masana harshe su amsa kiran.