Ma'aikacin Sashen Nukiliya A Asibitin Tsofaffin Sojojin Amurka

Duk wanda ya taɓa raka mai karaya asibiti ya san yadda ake ɗaukar hoton ƙashi: a tsai da mutum gaban na'ura, a harbo wani haske da ido ba ya riskarsa, ya keta jiki ya faɗa a kan faifai, sa'an nan likita ya ɗaga ya dubi inda ƙashin ya tsage. To, akwai wani fanni na ilmin likita da ya juya wannan al'amari, domin maimakon a harbo hasken daga waje, sai a shigar da tushensa cikin jikin majiyyaci, ko ta allura, ko ta haɗiya, ko ta shaƙa, a bar shi ya bi jini ya tafi inda ɗabi'arsa ta kai shi, kana a kawo kyamara ta tsaya tana ƙidayar abin da ke fitowa daga ciki. Wannan fanni shi ake kira likitancin nukiliya. Fa'idarsa kuwa ita ce, hoton ƙashi siffar gaɓa yake nunawa, shi ko wannan aikinta yake tonawa. Ga shi kuma sau da yawa zuciya takan kasance da kyakkyawar sura a zahiri, alhali a baɗini wani sashe nata ya daɗe ba ya samun isasshen jini.

Likita ne ke fassara hoton ya sa hannu a kan hukunci, amma ba shi ke ɗaukarsa ba. Wanda ke auna maganin, ya nemi jijiya ya soka allura, ya kwantar da majiyyaci, ya daidaita kyamara, ya tace hoton a kwamfuta har ya zama abin karantawa, wani ma'aikaci ne na daban wanda aka horar da shi musamman domin haka, kuma sha'aninsa ne za mu bayyana a wannan babi, kamar yadda yake gudana a asibitocin tsofaffin sojoji na ƙasar Amurka.

Zaɓen waɗannan asibitoci yana da dalili. A shekarar 1930 shugaba Herbert Hoover ya tattara ofisoshin da ke kula da tsofaffin sojoji ya mai da su hukuma ɗaya, wadda a 1989 aka ɗaukaka ta ta zama cikakkiyar ma'aikata. A yau tana da manyan asibitoci wajen 170, da mutane fiye da miliyan 9 da suka yi rajistar neman magani a cikinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka fara samun sinadarai masu tururin nukiliya daga tukwanen da aka gina domin yaƙi, waɗannan asibitoci suna cikin na farko da suka buɗe sassan gwada su a kan cuta. A na unguwar Bronx da ke birnin Niyok, wata masaniyar kimiyya mai suna Rosalyn Yalow ta fara aiki a 1947, a wani ɗan ɗaki da a da masu shara ke ajiye kayansu. Ita da abokin aikinta, likita Solomon Berson, suka yi ta bin sawun sinadarin insulin a jinin majiyyata, har suka gano hanyar auna abin da ƙanƙantarsa ta kai a da ba a san yadda za a auna shi ba. An ba ta kyautar Nobel a 1977. Berson ya riga ya rasu tun 1972, ita kuwa kyautar ba a ba mamaci. Ba su yi wa hanyar rajistar mallaka ba, suka bar ta ga duniya kyauta, abin da ya cancanci a ambata a zamanin da kowa ke sa wa ilminsa kuɗi.

Wanda yake son ya fahimci wannan sana'a, wajibi ne ya fara fahimtar mas'ala guda, wato cewa maganin da ake aiki da shi ba ya zama. Mafi yawan gwaje-gwajen, kimanin 80 cikin 100, da wani sinadari ake yin su mai suna teknishiyam-99m, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi a kowace sa'a 6: abin da aka auna da ƙarfe 6 na safe, da tsakar rana ya koma rabi, da magariba rubu'i, da ƙarfe 6 na safiyar gobe kuwa ya koma kashi ɗaya cikin 16. Wannan gajeren rai rahama ne ga majiyyaci, domin tururin ba ya daɗewa a jikinsa, amma jarraba ce ga ma'aikaci, tun da ba a saye a jibge a rumbu, ba a kuma jinkirta shi don wani ya makara. Dabarar da masana na cibiyar bincike ta Brookhaven suka fito da ita a 1958 ita ce a yi jigilar uwarsa, wato molibdinam-99, wadda nata rabin ke ɗaukar sa'a 66, a cikin wata tukunya mai kaurin darma. Tana narkewa a hankali tana haifar da teknishiyam, kowace safiya a zuba ruwan gishiri a wanko abin da ya taru. Ma'aikatan da kansu saniya suke kiran tukunyar, aikin kuma tatsa. Ita uwar daga yuraniyam ake samo ta, irin ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit, a wasu 'yan tukwanen nukiliya da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa: a Holan, da Beljiyam, da Afirka ta Kudu, da Ostireliya, da wasu kaɗan. Da tukunyar Chalk River ta ƙasar Kanada ta lalace a 2009, ta Holan kuma aka rufe ta domin gyara a 2010, asibitocin duniya sun shiga ƙunci, aka yi ta ɗage gwaji ana komawa ga tsofaffin hanyoyi.

Saboda haka ranar ma'aikacin takan fara tun da duku-duku. Yawancin asibitoci yanzu ba su tatsa da kansu, wani kantin haɗa irin wannan magani ne ke aiko musu da allurai kafin asuba, kowace a cikin kubenta na darma, ɗauke da sa'ar da aka ƙaddara za a yi ta. Sai ya karɓi akwatin ya bi shi da na'urar jin tururi, ya goge bayansa da ɗan ƙyalle ya auna ko wani abu ya tsiyaye, ya rubuta. Ya gwada ma'aunin allurai da wani tushe da aka san ƙarfinsa, ya rubuta. Ya sa wa kyamara haske bai-ɗaya ya duba ko kowane lungu nata yana gani daidai, domin in wani gurbi ya dushe, to, zai fito a hoto tamkar cuta a jikin mai lafiya. Wannan ma ya rubuta. Mai karatu zai ga rubutun ya yi yawa, amma hukumar da ke sa ido kan kayan nukiliya a Amurka ba ta karɓar "na yi" sai da shaida a takarda, kuma a nan gaskiya tana wajenta.

Sa'an nan majiyyata su fara shigowa, a nan ne kuma asibitin tsofaffin sojoji ya bambanta da sauran. Galibinsu maza ne, dattawa, da yawa daga cikinsu waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam suna samari. Tsakanin 1962 da 1971 sojojin Amurka sun yi ta fesa magungunan kashe ganye a dazuzzukan wannan ƙasa, mafi shahara shi ne wanda ake kira Agent Orange, ya cutar da mutanen ƙasar, bai kuma bar waɗanda aka aika su yaƙin ba. Daga baya gwamnati ta amince cewa wanda ya yi aiki can, in ya kamu da ciwon sukari, ko sankarar huhu, ko sankarar furostet, ko toshewar jijiyoyin zuciya, ko cutar karkarwa ta Fakinsan, za a ɗauka aikin soja ne sanadi ba tare da an nemi ya kawo hujja ba. A 2022 aka yi wata doka makamanciyar wannan domin waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Kusan kowace cuta a cikin wannan jeri tana da ƙofar da take shigowa sashen nukiliya.

Gwajin zuciya shi ya fi yawa. Ana ɗaukar hoto sau biyu, ɗaya mutum yana hutawa, ɗaya bayan an wahalar da zuciyar, sai a gwama. Inda jini ya isa a lokacin hutu amma ya gaza a lokacin wahala, nan jijiya ta ƙuntata. Mai ƙarfi a ɗora shi kan injin tafiya har ya yi haki. Amma tsohon da ya bar ƙafarsa a fagen fama, ko wanda gwiwoyinsa suka ƙare, ba ya hawa inji, sai a yi masa allurar da ke buɗe jijiyoyi, wadda sharaɗinta shi ne kada ya sha kofi ko shayi na aƙalla sa'a 12 kafin nan, domin suna karya aikinta. Wanda ya san yadda tsohon soja yake da kofinsa na safe ya san wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. In kuwa ya sha ya ɓoye, hoton zai fito lafiya lau alhali ƙarya ne, shi ya sa ma'aikaci mai basira ba ya tambaya da murya irin ta tuhuma, yakan yi ta ne ta yadda faɗin gaskiya ba zai zama abin kunya ba. Gwajin ƙashi kuwa, wanda ake yi domin a ga ko sankara ta yaɗu, ana yin allura ne a sallami mutum ya je ya sha ruwa da yawa, ya dawo bayan sa'a 2 zuwa 4.

A ganina, tsananin wannan aiki ba a cikin na'urori yake ba, yana wurin da gaggawar magani ta haɗu da mutumin da ba a yi masa gaggawa. Kyamarar tana buƙatar majiyyaci ya kwanta a kan siririn gado, hannuwa a ɗage bisa kai, kada ya motsa har sulusin sa'a ko rabinta, ga manyan faifanta suna kewaya shi dab da ƙirji da fuska. Ga mai lafiya wannan gajiya ce kawai. Amma ga wanda kafaɗarsa ke ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe tun shekara hamsin, ko wanda ƙarar bindiga ta kashe masa kunne har ba ya jin umurni, ko wanda aka taɓa rufe shi cikin rami ko cikin motar yaƙi tana ci da wuta, kwanciyar nan tana iya tayar da abin da ya yi rabin rayuwarsa yana dannewa. Sai ka ga dattijo mai kamala gumi ya karyo masa, numfashinsa ya sarƙe, yana neman tashi. Alhali allurar tana jikinsa tana raguwa, na bayansa kuma suna zaune kowa da tasa sa'ar. Gwanin ma'aikaci tun kafin ya soka allura yake karantar mutum: ya nuna masa na'urar, ya gaya masa inda za ta tsaya da tsawon lokacin, ba ya zuwa masa ta baya, ba ya taɓa shi sai ya sanar da shi, ya tsaya inda zai riƙa ganinsa yana faɗa masa abin da ya rage. Minti goman da ya kashe a wannan bayani sun fi masa arha a kan hoton da ya girgiza, wanda sai an sake.

Akwai kuma waɗanda kalmar nukiliya kanta ke firgita su, bisa hujja. Sojoji da yawa an tsai da su suna kallon gwajin bam a hamadar Nebada da tsibiran tekun Fasifik, wasu an kai su Hiroshima da Nagasaki bayan an jefa musu bam a 1945, kuma an daɗe kafin a saurari kukansu; tsirarun da suka rage cikinsu, da 'ya'yansu, ba su karɓar "ba kome" daga bakin ma'aikacin gwamnati. Abin da ya kamace shi shi ne ya faɗi gaskiya da ma'auni: cewa ɗan Adam a Amurka yana samun kimanin milisibat 3 na tururi a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, cewa gwajin ƙashi kwatankwacin na shekara biyu ne ko ƙasa da haka, cewa wannan ba sifiri ba ne, amma likita ya auna ya ga sanin cutar ya rinjayi illar.

Shi kansa ma'aikacin, wanda kullum yake tsakiyar abin, doka ta yanke masa iyakar milisibat 50 a shekara, ko da yake yawancinsu ba su kusantar wannan adadi. Yana maƙale da ma'auni a ƙirji da wani kamar zobe a yatsa, ana karɓa lokaci-lokaci a karanta. Kariyarsa uku ce: rage lokaci, da ja da baya, da fakewa bayan darma, nisan kuwa yana da albarka, domin wanda ya ninka tazararsa sau biyu ya mai da abin da ke isa gare shi rubu'i. A ɗakin haɗa magani ba a ci, ba a sha. Sirinji da auduga da safar hannu da suka taɓa teknishiyam akan kulle su har rabin ransa ya zagayo kamar sau 10, wato kwana biyu da rabi, a auna a ga sun mutu kafin a zubar.

Fannin bai tsaya a kan teknishiyam ba. Akwai hoton da ake ɗauka da sukari mai ɗauke da fulorin-18, wanda rabinsa ke tafiya cikin minti 110, kuma sankara, saboda haɗamarta ga sukari, takan tona kanta da shi. Sai dai a majiyyatan da ciwon sukari ya yi wa yawa, daidaita jininsu kafin gwajin wani aiki ne mai zaman kansa. Akwai kuma magani ba hoto kaɗai ba: tun 1941 Saul Hertz ya fara warkar da ciwon ƙululun maƙogwaro da aidin mai tururi a birnin Boston, a 2022 kuma aka halatta lutishiyam-177 domin sankarar furostet da ta yaɗu, cutar da ta yi katutu a tsakanin tsofaffin sojoji.

Hanyar shiga wannan aiki a Amurka karatu ne na shekara 2 zuwa 4 bayan sakandare, wanda ya haɗa ilmin halittar jiki da kimiyyar sinadarai da ta tururi, da watanni na koyo a asibiti a ƙarƙashin gwani, sa'an nan jarrabawar hukumar ba da shaida. A Nijeriya ma akwai irin wannan sashe a asibitin koyarwa na Ibadan da babban asibitin ƙasa na Abuja. Ɗalibin da ransa ya biya, ya fara ƙarfafa hisabinsa tun yanzu, domin kowace allura sai an lissafa abin da ya rage na ƙarfinta a daidai sa'ar da za a yi ta.