Farfaɗo da tsohon babur a lokacin hunturu: Abubuwan da ya kamata ka sani

A gidaje da dama a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa da ke kudancin Kaduna akwai babur da aka jingine a zaure tun shekaru, ƙura ta lulluɓe shi. Da yawa daga cikin irin waɗannan babura ba su mutu ba, kuma bai kamata duk su ƙare a hannun 'yan gwangwan ba.

Mene ne farfaɗowar?

Ta bambanta da gyaran yau da kullum. Mai gyara burinsa babur ya tashi. Mai farfaɗowa kuwa yana kwance shi ne gaba ɗaya, ya wanke, ya sauya abin da ya lalace, ya mayar da shi kusa da kamannin da ya fito da su daga kamfani.

Me ya sa sai hunturu?

Daminar kudancin Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma danshinta ne ke haifar da tsatsa. Daga Nuwamba iska kan bushe, fenti ya kama da kyau, aikin gona ya ragu, kuɗin citta kuma ya fara shigowa hannu. Matsalar lokacin ita ce ƙura, shi ya sa ake yin fenti a rufaffen ɗaki bayan an yayyafa ruwa a ƙasa.

Wane babur ya cancanci wahalar?

A nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, an tsara shi ne domin ƙasashe irin namu, inda babur ke shan wahala ba tare da kulawa sosai ba. Kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi injinsa, saboda haka kayansa ba sa wuyar samu. Ga mai farawa, babu zaɓin da ya fi shi. Vespa ta Italiya, wadda ta fito tun 1946, ta fi ɗaukar ido, amma tsofaffin samfurinta sai an gauraya musu fetur da baƙin mai, kuma neman kayanta kan kai mutum har kasuwar Panteka a Kaduna.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

A fara da takardu: lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da aka rubuta, domin babur mai arha marar takarda kan jawo wa mai shi rigima da hukuma. Sannan a taka kik a hankali. Idan ya ƙi motsi, wataƙila fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin inji, ya liƙe. A buɗe tanki a haska tocila: jar tsatsa sama-sama tana wankuwa, amma wadda ta huda ƙasan tanki sai walda ko sabon tanki. Fetur da ya daɗe yakan zama danƙo mai wari, ya toshe ƙananan ƙofofin kafireta, inda mai da iska ke gauraya.

Yadda aikin ke tafiya

Inji ake fara tayarwa, sai birki da wayoyi, fenti kuma a ƙarshe. Duk kusoshin da aka kwance a zuba su a leda daban, a rubuta inda suka fito. Wanda bai taɓa buɗe inji ba, ya nemi dattijon bakanike da ya san irin waɗannan babura tun suna sababbi, ya zauna kusa da shi ya koya.