Wuƙar Kabawa, Daga Maƙera Zuwa Kube

A ƙasar Kabi, wuƙa aikin mutum biyu ce: maƙeri ya ƙera ta, baduku ya ɗinka mata kube. Sana'ar ta daɗe har unguwa guda a Birnin Kebbi, Maƙerar Gandu, ta ci sunanta. A da tama ake narkawa, yanzu kuwa tsohon sifirin mota ya wadatar. Yaro na buga zuga-zugi, gawayin ƙirya na ci, maigida ya ciro ƙarfen da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya bi shi da masaba. Gwaninta tana wajen tsoma shi a ruwa. In aka yi gaggawa ƙarfe ya tsage, in aka yi jinkiri kaifi ba zai jima ba. Daga nan sai a sa ƙota ta ice.

Kowa da irin tasa. Ta mahauci faffaɗa ce, ranarta kuwa Babbar Salla. Makiyayi kan ɗaura tasa a damtse. Sarkawa da ita suke feɗe giwan ruwa su yanka shi gunduwa-gunduwa don banda, kuma aikin ya fi yawa lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934. 'Yan tauri su ma da ita suke burga, suna goga kaifin a ciki ana kiɗa. Amma a ganina askar wanzami ce ta fi barin tarihi, domin da ita aka yi zanen nan na Kabawa da har yau ake gani a kumatun dattawa. Takubba da masu na zamanin yaƙi kuwa suna ajiye a gidan tarihi na Kanta.

Jamusawa wata hanya suka bi, suka mai da ƙota ta zama kube. A garin Solingen aka fara ƙera Okapi a 1902, wuƙa mai naɗewa da aka yi domin kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Irin waɗannan sun shiga aljihun samari, suna fere mangwaro da rake da su. Sai dai in ƙusar tsakiya ta saki, an yi asara. Wuƙar gida kuwa ko ƙotarta ta fashe, ranar kasuwa za a kai wa maƙeri ya sa mata sabuwa, ya wasa ta.