Manhattan da Staten Island: Tsibirai Biyu, Magajin Gari Ɗaya

A cikin gundumomi biyar da aka haɗe a 1898 suka zama birnin New York na Amurka, Manhattan da Staten Island ne kowacce ke da tsibirinta na kanta. Manhattan ƙarama ce, ba ta cika murabba'in kilomita 60 ba, amma ƙidayar 2020 ta same ta da mutum kusan miliyan 1.7, dole gini ya nufi sama. Staten Island ta ninka ta fili sau biyu da rabi, jama'arta kuwa ba su kai rabin miliyan ba. Can gidaje ƙasa-ƙasa ne, mota a ƙofa, ga tudun Todt Hill da bishiyoyinsa.

Ɗan Manhattan yana sauka ƙarƙashin ƙasa ya hau jirgi zuwa Brooklyn ko Bronx. Ɗan Staten Island ba shi da wannan gatan. Gadojinsa uku jihar New Jersey suka nufa, ta huɗun, Verrazzano, sai a 1964 ta haɗa shi da Brooklyn. In Manhattan zai je, jirgin ruwa zai shiga, tafiyar kamar minti 25, kyauta tun 1997.

A takarda mulkinsu ɗaya ne: kowacce na zaɓen shugaban gunduma, magajin gari ɗaya ke bisansu. Da can shugabannin gundumomi na da ƙuri'a ɗaya-ɗaya a hukumar da ke riƙe da kasafin kuɗi da filaye, babba da ƙarama kunnen doki. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan tsarin, domin ya tauye gundumomi masu yawan jama'a. Shugaban gunduma ya koma kusan mai ba da shawara, Staten Island kuma ta tsira da kujera 3 cikin 51 na majalisar birni, Manhattan na da kusan 10.

Abin bai yi wa Manhattan ciwo ba, tana da jama'a, ga kuɗi. Staten Island kuwa, wadda tun 1948 ake jibge mata sharar birni a Fresh Kills, ta fusata, har kusan kashi 65 cikin ɗari na masu ƙuri'arta suka zaɓi ɓallewa a 1993. Majalisar jihar New York ta danne maganar, amma an rufe jujin a 2001.

A ganina kotu ta yi daidai, domin mutane ake wakilta, ba fili ba. Sai dai hukuncin bai tanadi komai ba ga gundumar da kujerunta 3 ba za su taɓa hana sauran 48 yanke mata abin da ba ta so ba.