Kuskure a Tallar Gwanjon Intanet: Darasin da Kwabo Mai Huji Ya Koya Mini

Da yawanmu a wannan makaranta muna ɗan taɓa sana'a ta waya. Wani takalma yake sayarwa, wata turare da mayafai, wani kuma data. Ni tawa sana'ar tsofaffin kuɗi ce. Na fara ta ne da wani gwangwani da na tsinta a adakar kakata, cike da anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi da sule. A zangon da ya wuce na tafka wani kuskure a tallar gwanjo, daidai lokacin da nake haɗa kuɗin firojek, shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda ake fita daga irin wannan rami ba tare da mutum ya zubar da sunansa ba.

Yadda abin ya faru

Kafin naira da kwabo su zo a 1973, har ma kafin kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959, ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila kuɗi iri ɗaya suke kashewa, waɗanda wata hukumar kuɗi da aka kafa a 1912 take fitarwa. Kwabon wancan zamani yana da huji a tsakiya, don haka babu hoton sarki a jikinsa. Gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida da shekara, ɗaya gefen kuma kambi ne, da sunan sarki, da darajar kuɗin har da rubutun Larabci.

Shekarar 1936 tana da labari. Sarki George V ya rasu a watan Janairu, ɗansa Edward VIII ya hau, ya kuma yi murabus a watan Disamba. A Ingila kanta ba a saki kuɗinsa a kasuwa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe kwabo mai sunansa. Saboda haka kwabon 1936 kashi biyu ne: mai sunan uban da mai sunan ɗan. Ta gefen tauraro ba za ka bambance su ba, sai ka juya ka karanta.

Ni kuwa ban juya ba. Na taɓa sayar da na Edward, sai na kwafo tsohon bayanin na liƙa, na ɗora hoton gefen tauraro kawai, na sa gwanjon kwana bakwai, na ruga lakca. A rana ta uku mutum huɗu sun taya, farashi ya kai naira dubu goma sha takwas. Sai wani dattijo cikin masu tayin ya nemi hoton ɗaya gefen. Ina ɗauka, sai ga GEORGIVS V ɓaro-ɓaro. Wallahi sai da gumi ya karyo mini.

Abokin ɗakina ya ce, "Kai dai yi shiru. Kwabo ai kwabo ne, shekarar ma daidai take." Ban ga laifinsa ba, ya san halin da aljihuna yake ciki. Amma waɗannan mutane ba shekara suka taya ba, suna suka taya.

Me ya sa gwanjo ya fi wuyar gyara?

Idan farashi tsayayye ka sa, kuskure tsakaninka da mutum ɗaya ne. A gwanjo kuwa kowane tayi a kan na baya yake hawa. Na biyu ya ƙara ne don ya wuce na farko, na uku don ya wuce na biyu. Idan bayanin da aka fara da shi ba daidai ba ne, duk farashin ya lalace, ba na ƙarshe kaɗai ba. Shi ya sa abin da za ka yi ya danganta da matakin da gwanjon yake.

Mataki na farko: ba a taya ba tukuna. Nan babu wahala. Gyara take, gyara bayani, ƙara hoto, shi ke nan.

Mataki na biyu: an fara tayi. Kada ka kuskura ka goge tsohon bayani ka rubuta sabo a ɓoye, ko da dandalin ya bari. Wanda ya taya jiya ba lallai ya dawo ya sake karantawa ba. Ka fara tambayar kanka: da mai tayi ya san gaskiya, zai ba da wannan kuɗin? Idan kuskuren ƙarami ne, misali harafi ya faɗi a rubutu, ka ƙara bayanin gyara a fili, ka sa kwanan wata. Idan kuma ya taɓa ainihin kayan, wato sarki, shekara, ƙarfe ko lafiyarsa, to ka soke tayin kowa, ka rufe gwanjon, ka sake ɗorawa daga farko.

Lokaci yana da muhimmanci a nan. A eBay, misali, idan an taya kuma saura ƙasa da awa 12 a rufe, ba za ka iya janye kayan haka kawai ba, sai dai ka sallama wa wanda ya fi tayi. Kowane dandali da dokarsa, ka karanta ta tun kafin ka shiga matsala.

Mataki na uku: gwanjo ya rufe. Kada ka aika kaya tukuna. Rubuta wa wanda ya ci, haɗe da hotuna, ka ba shi zaɓi: ya fasa a mayar masa da kuɗinsa cas, ko ku daidaita sabon farashi in yana so. Zaɓin nasa ne, ba naka ba. Idan har kayan sun riga sun tafi, kuɗin dawo da su a kanka yake, tunda kai ka jawo.

Abin da na yi

Nawa a mataki na biyu yake. Na sanar da masu kula da dandalin, sannan na aika wa mutum huɗun saƙo iri ɗaya: "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Na rubuta Edward VIII, alhali George V ne. Ga hoton gefe biyun. Zan soke tayi, in sake ɗorawa da bayanin gaskiya. A yi haƙuri." Ban ce laifin netwok ba ne, ban ce ƙanena ne ya rubuta ba. Dogon uzuri zargi yake ƙarawa.

Ɗaya ya zazzaga mini faɗa, ya ce na ɓata masa lokaci, kuma gaskiyarsa. Biyu ba su tanka ba. Dattijon nan ya ce, "Yaro, ka kyauta. Gaba ka riƙa juya kaya." Da na sake ɗorawa, dubu shida aka saya. Firojek ɗin sai da na ci bashi na cike. Amma har yau ina sayarwa a wurin, ba kuma wanda ya taɓa maƙala mini sunan mayaudari.

Idan kuskuren kai ya cuta fa?

Wannan shi ne gefen da ya fi zafi. A ce ka ɗora sule na azurfa, irin waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1920, ka manta ba ka faɗi azurfa ba ne, aka saya da araha. A ganina, idan gwanjo ya rufe ka sallama. Kayan da ka nuna su aka taya, ba ka yaudari kowa ba, kanka ka yi wa sakaci. Kana iya yi wa mai saye bayani, in ya ga dama ya duba ka. Amma ka ce kayan sun ɓace don ka sake ɗorawa da tsada, wannan ƙarya ce, kuma masu tara kuɗin da sun san juna fiye da yadda kake zato.

Kafin ka danna "ɗora"

Riƙe kuɗin a hannu lokacin da kake rubuta bayani, kada ka dogara da tuni. Ɗauki hoton gefe biyu a hasken rana. Karanta sunan sarki da shekara a fili. Nemi ɗan ƙaramin harafin masana'anta, kamar H na Heaton ko KN na King's Norton, duka a Birmingham, domin masu tarawa suna kula da shi. Faɗi duk wani tabo, lanƙwasa ko alamar goga. Kada ka rubuta "azurfa" sai ka tabbatar. Idan kayanka da yawa, kowanne ka sa shi a takardarsa da lamba. Sannan ka ba wani ya karanta kafin ka saki.

Wannan bai tsaya a kan kwabo ba. Mai sayar da waya da ya rubuta 128GB alhali 64 ce, da mai takalmi da ta sa lamba 42 a madadin 40, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Da zarar ka gano, ka faɗa da bakinka, ga duk wanda abin ya shafa, tun kafin wani ya faɗa a madadinka.