Faɗa-wuta: Yadda Ake Gane Sabon Ƙwaro a Raɗa Masa Suna

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Sandamu cikin daren Agusta ya san su. Da an kunna fitila sai su yi mata dafifi, wasu ruwan toka, wasu ruwan ƙasa, in ka kama ɗaya ta bar maka gari-gari a yatsa. Mu dai duk faɗa-wuta muke ce musu. Masana kuwa sun ƙidaya kimanin iri 160,000 na faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi a duniya, kuma har gobe ana gano sababbi.

Ƙasar Hausa ta daɗe da shiga wannan lissafi. A 1919 wani Bature, Kyaftin Angus Buchanan, ya sauka Kano, ya tara ƙwari a Fanisau, sannan ya nausa Damagaram har duwatsun Azbin. Attajirin nan Lord Rothschild ne ya ɗauki nauyinsa, shi ne kuma a 1921 ya wallafa bayanin abin da aka kai masa Ingila, ya raɗa wa sababbin ciki suna.

To, ta yaya ake tabbatar da cewa ƙwaro sabo ne? Ba a ganin fuffuke kawai a yanke hukunci, domin iri biyu kan yi kama kamar an tsaga kara. Bayan an kama shi da fitila da farin ƙyalle, sai a soke shi da allura, a shimfiɗa fukafukan su bushe, a maƙala 'yar takarda mai ɗauke da wuri da rana. Daga nan aikin haƙuri ya fara. A feɗe cikinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a duba siffar gaɓoɓin haihuwarsa, don a nan ne bambancin yakan fito fili. Yanzu har ƙafa ɗaya ake cirewa a karanta wani ɗan yanki na ƙwayar halittarsa. Sai a bi tsofaffin littattafai da akwatunan gidajen tarihi, kada a je wani ya riga ya sa masa suna shekaru ɗari baya. In ya tabbata babu, a zaɓi guda ɗaya a adana ya zama shaida har abada, a ba shi suna mai kalma biyu da Latin bisa tsarin masanin nan Linnaeus na 1758, a buga a mujallar masana.

Wani zai ce mene ne haɗin manomin ƙasar Daura da wannan wahala? Amsar tana cikin gonar gero. Ka ɗauki zangarniyar da tsutsa ta bi, za ka ga hanya ta murɗe tana zagaya ta, tsabar wurin ta zube. Murzuna ke nan, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi ke kiran ta. Uwarta faɗa-wuta ce, wadda wani limamin kirista Bafaranshe, Joseph de Joannis, ya bayyana a 1925. Yau sunanta Heliocheilus albipunctella, kalma ta biyun tana nuni ga fararen ɗigon da ke jikinta. Ba ta yi suna wajen ɓarna ba sai bayan farin farkon shekarun 1970.

Da yake an san ta da suna, sai aka iya bin rayuwarta daki-daki: tana saka ƙwai a kan gero mai fitar da kai, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta shige ƙasa ta kwanta duk rani, sai wata damina ta fito. Aka kuma gano maƙiyinta, wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi da na ICRISAT suna kiwon sa, a zuba shi cikin ƙananan jakunkunan algarara tare da tsabar gero, a rataye a ƙauyuka, ya hayayyafa ya bazu gonaki yana kashe tsutsar. Ba feshi, ba guba a tuwon yara. A ganina irin wannan dabara ta cancanci ta tsallako iyaka, tunda gero ɗaya muke shukawa, murzunar kuma ba ta san kan iyaka ba.

Haka ma tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a farkon 2016: sai da masanan cibiyar IITA suka bi waɗancan matakai na gane ƙwaro kafin aka gane baƙuwa ce daga nahiyar Amurka.

Abin da ke damuna shi ne ƙwarin Buchanan suna can Ingila, kuma duk ɗalibinmu da ke son kwatanta abin da ya kama da su sai ya nemi hoto ko biza. Muna da ma'ajiyar ƙwari a Samaru ta Zariya, muna da jami'o'i a Katsina da Dutsin-ma. Fitila mai caji, farin zane, kwalba da biro sun ishi ɗalibi ya kwana uku a bakin wata gona a Sandamu, ya kai abin da ya tara Samaru a duba.