Kwatanta Injunan Wankin Kafet na Kan Mota

A Amurka, inda gidaje da yawa ke shimfiɗe da kafet daga bango zuwa bango, masu sana'ar wankinsa sukan girke inji a cikin mota, su ja tiyo zuwa cikin gida. Injin yakan fesa ruwan zafi, sa'an nan ya zuƙe shi tare da dauɗa. Iri biyu ne: akwai mai nasa injin fetur, akwai kuma mai aron ƙarfi daga injin motar, kamar na kamfanin Butler. Na biyun ya fi barin fili a mota, amma ran da motar ta lalace, aiki ya tsaya cik.

Masu talla sun fi ɗaga murya a kan zafin ruwa, wanda kan wuce digiri 90. Gaskiya ne zafi na narkar da maiƙo, sai dai yakan ɓata kafet na ulu. Ma'aunin da ya fi cancanta shi ne ƙarfin zuƙa, kuma a bakin tiyo ya kamata a gwada shi, domin gwargwadon tsawon tiyo gwargwadon raunin iska. Injin da ya yi bajinta a mita 15 yana iya kasawa a mita 60. In ya kasa, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kafet, cikin 'yan kwanaki fumfuna ta kama, ɗaki ya ɗauki wari, mai ciwon asma kuwa ya shiga uku. Saboda haka mai kwatantawa sai ya ba injunan tiyo mai tsawo ɗaya da kafet iri ɗaya, ya ƙidaya awoyin bushewa.